Rumbun Malam Maharazu

Assalamu alaikum. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Dagacin Durba, Malam Liman, Kansila, malamai da dattawa, iyayenmu mata da ke jin mu daga cikin gida, Laraba matar marigayi, da ƙaninsa Sadisu, sannunmu da haƙuri.

An ce ni Ishiyaku in yi magana a wannan addu'ar arba'in ta Malam Maharazu, don tare muka tashi. Kun san bakina ba ya gajiya, amma yau ya yi mini nauyi.

Ya kasance manomin da rana ba ta riga shi isa gona. Ya kasance, tun da Shari'a ta zo aka kafa kwamitin zakka, shi ke ɗaure dawa a keke yana kai wa gidajen da babu. Ya san ƙofar kowane mabuƙaci a garin nan, amma bai taɓa nuna mana tasa ba.

Ya kasance mai azumi. Da Litinin da Alhamis muka san shi, daga baya abin ya zama kusan kullum. In an kawo tuwo majalisa sai ya ce, "Ku yi bisimilla, ina azumi." Ni kuwa in tsokane shi, "Malam, ka rage mana wuri a Aljanna mana!" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ishiyaku, ci abincinka."

Mun san 'yarsa Adawiyya tana da sikila. Mun san in ciwon ya tashi sai an kai ta asibiti Rano, a ƙara jini, a sayi magani. Ba mu taɓa tambayar da me ake saya ba, don rumbunsa na tsaye, kowace shekara da sabuwar jinka. A garin nan kuma maigida kaɗai ke leƙa rumbu, ko matarsa sai abin da ya auno mata.

Da aka zo rabon gado, Sadisu ya hau ya ɗaga jinkar. Ya daɗe a sama yana leƙa cikin rumbun. Da ya sauko ya ce, "Ƙaiƙayi ne kawai." Ashe duk tashin ciwo, dawa ke tafiya kasuwa ta dawo magani. Abin da ya rage ya bar wa yara, nasa rabon ya kira shi azumi. Da zazzaɓi ya zo masa, bai tarar da jikin da zai yi kokawa da shi ba.

Tun daga ranar, duk rumbun da na wuce sai in ji kamar in ƙwanƙwasa shi in ji ko akwai wani abu a ciki.

Adawiyya, 'yata, ba ki da laifi. Ubanki ne ya zaɓa, kuma da za a maido shi, haka zai sake yi.

Laraba, ki yafe mini abin da zan tona. Jama'a, sabuwar dawa da saura, ciwo kuma bai san an yi rasuwa ba. Ran Talata matata ta kai tuwo gidan nan. Laraba ta raba wa yara tas, ta ce ita tana azumi.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Maharazu, ya karɓi azuminsa duka, ya ba Adawiyya lafiya. Allah ya sa daga yau duk azumin da za a yi a gidan nan, a yi shi da tuwo a tukunya. Amin.