Ba Wanda Ya Wuce Ni a Kan Dutse

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni dillalin shanu ne daga Sandamu, na ba sittin baya.

Ranar Asabar matasan unguwarmu suka shirya hawan dutse, har da Habu, mijin 'yata. Na ce da ni za a je. Uwargidana ta ce, "Malam, da wannan gwiwar taka?"

Da muka isa gindin dutsen sai duk suka ja baya, wai ba mai shiga gaban babba. Hanyar kuwa siririya ce, sai ɗaya bayan ɗaya. Muka kai inda sai da rarrafe, numfashina ya fara sama-sama. Na ce, "Habu, wuce gaba." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba, ni in wuce ka?"

Nan na gane in na zauna, duk sun zauna, na ɓata wa yara rana. Na cire takalma na rataya a wuya, na kama dutse hannu da ƙafa. Wallahi ni na fara taka ƙololuwa, ina hangen gonakin gero iya ganin ido!

Yanzu kwana uku ke nan a zaune nake sallah, ga shi sun ce wata mai zuwa ma ni ne jagora. Masu sauraro, ku taimaka mini da maganin gwiwa, don janyewa kam ba zan yi ba.

Ina gaida uwargida. Na san tana ji.