Damaris Ta Tafi Ba Ta Kammala Bincikenta Ba

Rabaran, dattawan ikilisiya, mai unguwar Narayi, likitoci abokan aikin marigayiya, iyayenta Baba Yakubu da Mama Celina, mijinta ɗanmu Nelson, zumuntar mata, jama'a: salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ni Albert Audu, maƙwabcinsu a Kakuri tun muna aikin masaƙa da mahaifinta. A kan idona Dakta Damaris ta girma. Ban taɓa zaton ni zan tsaya yi mata wannan jawabi ba.

Ta kasance yarinya mai tambaya. Ƙanenta ya rasu da ciwon fuka tana firamare, muka ce mata nufin Allah ne. Ta ce, "Na yarda, Baba Albert, amma me ya toshe masa numfashi?"

Ta kasance likitar unguwa. Kun tuna lokacin da Ugo ɗan Ngozi ke kumbura fuska, har aka fara nuna maƙwabciyarta Rebecca da yatsa, wai sammu ta yi masa? Saura kaɗan a kore ta daga gidan haya. Damaris ta zauna a tabarma tana tambayar abin da yaron ke ci. Ta ce, "Mama Ugo, ba mutum ba ne. Gyaɗa ce. Garkuwar jikinsa ce ta ɗauke ta abokiyar gaba." Aka daina ba shi ƙuli-ƙuli, kumburi ya tsaya. Ga Ngozi da Rebecca can, benci ɗaya suke zaune.

Da sojoji suka koma bariki, jami'o'in waje suka sake buɗe mana ƙofa, ta samu gurbin digiri na uku a kan garkuwar jiki da cututtukan irin na Ugo. Babanta ya ce, "Ke karatun nan ba ya ƙarewa?" Ta yi dariya, ta ce, "Baba, ba a taɓa nazarin yaranmu ba. Da na wasu ake auna su."

Ta kasance mai dawowa. Can aka ce ta zauna, ta ƙi. Ta zo tana bin Kakuri da Makera gida-gida, tana duba yara masu fuka. Aikin ya kusa ƙarewa motarsu ta kife a hanyar Kachiya, za ta je gaida kakarta.

Nelson, ka riƙe gida da yara shekaru don ta yi karatu, ba mu taɓa jin ƙorafinka ba. Mun gani. Mama Celina, sau biyu ke nan kina binne abin da kika haifa. Ba ni da kalmar da ta kai wannan. Yi kukanki, Mama, ba wanda zai ce ki yi shiru.

Likitoci, aikinta yana hannunku. Ku cike gurbin da ta bari. Iyayen yaran nan har yau suna zuwa ƙofarta, ba mu san abin da za mu ce musu ba.

Mun gode da zuwanku. Ya Ubangiji, mai ba da numfashi, mai karɓarsa, ka karɓi baiwarka Damaris, ka riƙe mu da muka rage. Cikin sunan Yesu. Amin.