Na Roƙi Allah Kada A Saya Mini Sabuwar Mota

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku. Ni ne Kofur Bitrus, direban Alhaji, dillalin shanu a nan Wudil. Yau zan tona wa kaina asiri.

Na dawo daga yaƙin basasa da harsashi a kafaɗar hagu. Hannun yana nan a ido, amma ko butar ruwa ba ya ɗagawa. Da na zo neman aiki ban gaya wa Alhaji ba. Motarsa tsohuwa ce 'yar Amurka da ya saya wajen wani Bature, tana canja giya da kanta, sitiyarinta kuma yana da famfon mai da ke sa shi laushi. Da hannu ɗaya na yi shekara uku ina tuƙa shi, ina kai 'ya'yansa makaranta.

Wata Juma'a muna dawowa daga kara, kasuwar shanu, dab da gada, sai motar ta yi wani gurnani, sitiyari ya ƙage. Na ja, ya ƙi. Na sa gwiwa na danna, da ƙyar muka sauka gefen titi. Jan mai na ta ɗiga a ƙasa. Alhaji ya ɗauka tsoro ne ya sa nake zufa.

Malam Ado bakanike ya leƙa, ya ce, "Kofur, famfon ya mutu murus. Kuma wa ke gyaran tsohon abu yanzu? Kuɗi sun zo ƙasa, kowa sabuwa yake ɓarewa a leda."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, ta huta. Wata mai zuwa sai Fijo."

Direbobin tasha suka yi ta yi mini barka, har da masu cewa in yi musu shayi. Ni kuwa ban yi murna ba. Na san sitiyarin sabuwar ba shi da famfo, hannu biyu yake so, ga giya ta hannu.

Na shiga Kano sau huɗu a ɓoye ina neman famfon. Wani ya ce kaya sun maƙale a tashar jirgin ruwa, wani ya ce in manta. Na bar cin abinci. Matata Saratu ta ce, "Baban Ladi, ka gaya masa mana." Na daka mata tsawa, Allah ya gafarta mini.

Ran nan da azahar na shiga matacciyar motar nan, na kifa kai a sitiyari, na yi kuka. Na ce, "Ya Yesu, dabarata ta ƙare. Ka hana sayen motar nan!" Ban ji wata murya ba. Fuskokin yaran da nake ɗauka kawai na gani, da gadar nan, da ruwan da ke ƙarƙashinta. Kunya ta rufe ni.

Na sami Alhaji a zaure, na durƙusa, na faɗi komai. Ya ce, "Kofur, 'ya'yana? Da hannu ɗaya?" Ya karɓi makulli.

Kwana goma sha biyu ina zaune a gida, ba ni da abin yi sai addu'a. Sai Alhaji ya aiko. Na tarar da Malam Ado a ƙarƙashin tsohuwar, yana ɗaura famfon da Alhaji ya sa aka ciro daga wata motar da ta yi hatsari a Kaduna.

Alhaji ya ce, "Sabuwar ta yara ce, da wani direban. Su kam ba ka ƙara ɗaukarsu. Ni za ka ɗauka. Ni na san da wane hannu ake tuƙa ni, na kuma yarda."

Halleluya! Hannuna bai warke ba, 'yan'uwa, ƙaryar ce ta fita. Na gode wa Ubangiji. Mai ɓoye wani abu a cikinku, ya dogara gare shi, ya je ya faɗa tun motarsa ba ta kai gada ba. Amin.