Sunan Dokta Wucin-Gadi Ba Zai Sauka Ƙasan Shafi Ba

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban jami'a, shugaban sashenmu na lafiyar al'umma, Baba mahaifin marigayi, Anti matarsa da yaransa uku, 'yan'uwana masu bincike, sannunmu da wannan rashi.

Shekara shida muna ofis ɗaya da marigayi, tebur biyu da fanka mai kuka. An ce in yi magana a madadinmu masu bincike 'yan kwantiragi, kuma yau ba daɗin baki na kawo ba.

Ya kasance mai yi wa halin da yake ciki dariya. Shekara goma sha ɗaya bayan digirinsa na uku yana bincike a nan, kowace shekara sai an sabunta masa takardar kwantiragi, har muka laƙaba masa Dokta Wucin-Gadi, yana amsawa. Ya kasance kowace Talata yana tashar mota da na'urar awon jini a jaka, yana bibiyar 'yan dako ɗari shida saboda hawan jini. Wani tsoho cikinsu ya taɓa ce masa, "Likita, kai wa ke auna naka?" Ya ce, "Baba, bari a sabunta min takarda tukuna." Muka yi ta dariya. Ashe ciwon da yake nema a jikin mutane shi zai kayar da shi a bakin ofis.

Kwana tara da rasuwarsa aka manna tallar gurbinsa a allon sanarwa. Sharaɗin farko: kada mai nema ya wuce shekara biyar da gama digiri. Wato shi da ya gina aikin, da zai nema, ba zai cancanta ba. Mun haɗiye wannan.

Ga wanda ba za mu haɗiye ba. Makon jiya aka aiko mana da rahoton binciken mu sa hannu. Babu sunansa cikin marubuta. An saukar da shi ƙasan shafin ƙarshe, wurin godiya, layi ɗaya da kamfanin da ya gyara mana firiji. Na tambayi dalili, aka ce, "Ai yanzu ba ma'aikacinmu ba ne." Haba jama'a! Wane mamaci ne ma'aikaci? Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake.

Anti, kin ce min, "Ni dai yaran nan su ga sunan babansu a kan abin da ya hana shi zaman gida." Za su gani. Mu huɗu da muka rage ba za mu sa hannu ba sai sunansa ya koma sama, shi ne na farko.

Ranka ya daɗe shugaban sashe, na san kwantiragina zai ƙare ƙarshen watan nan, kuma takardar tana kan teburinka. Na sani sarai kafin in miƙe tsaye.

Mun gode wa duk wanda ya zo, musamman 'yan dakon da suka bar lodi suka cika mana bayan zauren nan. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma Allah Ya hana mu cin haƙƙin wanda ba zai iya tashi ya nemi abinsa ba. Amin.