Ranar da na tona asirin kwat ɗin Iliya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Ni ne Sabo mai gwanjo daga Makera.

Iliya ɗan barkwancin nan da kuke gani a talabijin, a da maƙwabcina ne a kasuwa, takalma yake sayarwa. Fim uku ya fara yi, duka a mai gadi ya fito. Sai wani gidan talabijin ya ba shi shiri na gwaji, kai tsaye, aka ce in bai yi armashi ba ya koma wa takalmansa.

Ranar kuwa baƙon da aka gayyata bai zo ba. Iliya ya kira ni: "Baba Sabo, rufa min asiri, zo ka yi hirar kasuwa kawai."

Na zauna gaban kyamara. Ya miƙo hannu mu gaisa, ni kuma yatsuna sun saba, sai na kama hannun kwat ɗinsa na murza. Na ce, "Kai, wannan ai daga dilar gwanjona ta fito!"

Iliya ya miƙe, ya juya a hankali, ya ce, "Jama'a, ni kaina a dilar aka same ni." Mai kyamara ya yi dariya har hoto ya karkace. Aka bar masa shirin.

Shawara nake nema, Malam. Yanzu shagona cike yake, kowa sai ya miƙo rigarsa in murza, amma ba mai saye. In kore su ne, ko in ajiye musu benci?

Ina gaida 'yan layin gwanjo da abokaina na unguwar Romi.