Ranar da Inna ta kira sunana

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai ceto. Ni ce Saratu, a nan Dutsin-Ma nake aure.

Da na tashi haihuwar fari sai na koma gidanmu can wajen Kurfi, kamar yadda aka saba. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kunya ba ta barin ta ko kama sunana, balle ta sa baki a jegona. Sai aka damƙa ni a hannun Gwaggo Talatu, yayar babana.

Ruwa na tafasa take tsoma ganye ta fyaɗa mini. Kunun kanwa safe da yamma, kanwar har ɗaci take yi. Ƙafafuna suka kumbura, fuska ta cika, in na kwanta numfashi ya sarƙe. Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ni, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Mijina ya zo yana roƙon a kai ni asibiti, ta sallame shi tun daga zaure. Wai mai jego ba ta taka waje sai ta yi arba'in, in ma na mutu kwanana ne ya ƙare.

Da kunnena na ji wannan, jaririyata tana kuka a gefena na kasa ɗaga ta. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na ce, "Yesu, ka tashe ni, ko don matar nan ta ga ƙarshen iyawarta."

Da hantsi Gwaggo ta shigo da ƙwaryar kunu. Sai ga Inna a bayanta. Ta karɓe ƙwaryar ta tuntsurar a ƙasa, ta dube ni ta ce, "Saratu, tashi mu tafi."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Halleluya!

Ta goya jaririyar, ta aika aka kira mijina da mota. A asibiti likita ya ce zuciyata ce ta raunana, kanwa da zafin nan kuwa ƙara mata nauyi suke yi. Na sha jinya, amma ga ni tsaye a gabanku.

Har yau Gwaggo ba ta zo mini sannu ba. Fasto ya ce in yafe. Ku taya ni da addu'a, don ban kai can ba tukuna. Matar ɗan Gwaggo tana da ciki yanzu, ni nake zuwa har tsakar gidan in ɗauke ta mu tafi awo, Gwaggo na zaune tana kallo. Ɗan nata kuma ya yarda a ɗakina za ta yi jego.

Na gode wa Yesu da ya buɗe bakin Inna. Ku dogara gare shi, iyaye mata. In kun ga 'yarku tana kumbura, ku kira sunanta ku fita da ita.