Cikin da Ya Riga Allura

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, mai koko da ƙosai a bakin babban gwata, wato magudanar ruwa, a unguwar Nima. Yawancinku kun san ni, wasunku ma sun yi da ni. Yau ni zan faɗi labarin da bakina.

Haihuwata ta uku saura ƙiris na tafi. Jini ya ɓalle mini, sai da aka yi mini ƙarin jini. Likita ya kira maigidana Yakubu ya ce, "In kana son matarka, ta huta shekara biyu." Da al'adata ta dawo, na je asibiti a Maamobi aka yi mini allurar tazarar haihuwa. Nas ta gwada fitsarina, babu komai. Ta ce mu kiyaye mako guda kafin allurar ta kama jiki, muka kiyaye.

Bayan wata biyu, ƙanshin man ƙosai ya fara tayar mini da zuciya. Na koma, aka gwada. Ciki!

Na ce wa nas, "Anti, ba allura kika yi mini ba?" Ta ce, "Na yi miki. Ba kasafai ake samun haka ba, amma cikin ya riga allurar shiga, yana ƙarami sosai gwaji bai gan shi ba."

A trotro, motar haya, na yi ta kuka har gida. Ina tunanin wa zai riƙe mini 'ya'ya uku in na mutu.

Magana ta zaga zumuntar mata. Wata dattijuwa da nake kira Mama ta tare ni a ƙofar majami'a ta ce, "'Yata, kin so ki yi wa Allah wayo, ga shi Ya kama ki. Allurar nan ma lalata jariri take yi."

Sai da na daina zuwa sujada. Wata Lahadi ina jin waƙarku daga ɗakina, na durƙusa na ce, "Yesu, Kai ka san ba gudun kyautarka na yi ba, raina na so in tsare. In hukunci ne, gaya mini da kanka. Ba zan karɓe shi daga bakin mutum ba!" 'Yan'uwa, babu hukuncin da na ji. Salama ce ta sauko mini. Na ɗaura ɗankwali na fito, na zauna a layin gaba.

Da Mama ta sake farawa, na ce, "Mama, da girmanki, Allahn da nake bauta wa ba Ya haƙa wa 'ya'yansa rami."

Likita ya ce allurar ba ta taɓa jariri. Ban fasa awo ko ɗaya ba. Da haihuwa ta zo, aka tanadi jini, aka yi mini tiyata, ko leda ɗaya ba a buɗe ba. Ga jaririyar nan, Nasara, a bayana, lafiyarta lau! Halleluya!

Kuma ku ji da kyau: na koma na sake yin allurar, Yakubu ne ma ya raka ni. Ba na jin kunya!

Na gode wa Yesu da ya raya ni. 'Yar'uwa, in ana nuna ki da baki, ki kai kukanki gare shi, ki je asibiti, ki ɗaga kanki. Shi mai aminci ne. Amin!